Turanci Ba Dabo Ba Ne: "Hold Against"

 Makon jiya mun rabu a kan "put up with", watau haƙuri da abin da ba ka so. Yau kuwa za mu ɗauko wata 'yar'uwarta wadda ta fi ta haɗari, domin ita tana shiga tsakanin mutum da shugabansa, tana shiga tsakanin aboki da aboki. Ita ce "hold against".

Cikin wasiƙun da suka iso mini makon nan, biyu sun zo da tambaya kusan iri ɗaya, ko da ya ke masu su ba su san juna ba. Ta fari daga wani akawu ta fito. Ya ce ya yi kuskure cikin lissafin albashi, har aka biya wani ma'aikaci abin da ya wuce hakkinsa. Da abin ya bayyana sai ya rubuta takardar ba da haƙuri. Shugabansa ya komo masa da ita, ya rubuta a gindinta, "It was your mistake, but I shall not hold it against you." Akawun ya ce kalmar "against" ita ta hana shi barci, don a makaranta an koya masa ma'anarta gāba ce. Yana tambaya, shin an yafe masa ne, ko kuwa ya soma neman wani aiki?

Ta biyu daga wani malamin makaranta ta zo. Ya ce yaransa in sun so su faɗi "ya riƙe ni a zuci" da Turanci, sai su rubuta "he holds me in his heart". Shi ya san ba daidai ba ne, amma yana so a ba shi abin da zai sa musu a madadinsa, da dalilin da zai gamshe su.

To, madalla da masu tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Amsar su biyu ɗaya ce, sai dai kafin mu kai gare ta ya kamata mu san irin dabbar da mu ke farauta.

Turawa suna da wata al'ada cikin harshensu. Su kan ɗauki fi'ili gajere wanda kowane yaro ya sani, kamar "put" ko "take" ko "hold", su liƙa masa wata 'yar ƙaramar kalma, kamar "up" ko "out" ko "against", sai ma'ana ta juya ta zama wani abu dabam. Wanda ya san fi'ilin shi kaɗai, ya kuma san 'yar kalmar ita kaɗai, sai ya ga kamar ya gane, alhali kuwa bai gane ba. Wannan wahala ba yau ta soma ba. Samuel Johnson, wanda ya fitar da babban ƙamusunsa na Ingilishi a Landan cikin 1755, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi shi ya fi ba baƙi wuya cikin harshen. Sunan da a ke kiransu da shi yanzu, watau "phrasal verb", wani marubuci Logan Pearsall Smith ne ya yaɗa shi cikin littafinsa na 1925, ya kuwa ce ya samo shi daga bakin Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford. Masu tsananta bincike cikin nahawu suna ware "hold against" su ba ta wani suna dabam, amma ƙamusoshin masu koyo cikin wannan garke su ke saka ta, mu ma nan za mu bar ta.

Kada kowa ya ce wannan mugunta ce ta Turawa su kaɗai. Mu ma haka mu ke yi wa baƙi. Ka koya wa Bature "ci" ka ce ma'anarta sa abinci a baki, sa'an nan ya fita kasuwa ya ji an ce wane ya ci gaba, wane ya ci amana, wane ya ci bashi, wane ya ci sarauta. Ina tuwo a nan? Malamai masu nahawun Larabci kuwa sun riga kowa sanin wannan. Sun san "ragiba fihi" so ne, "ragiba anhu" ƙi ne, ga shi kuwa fi'ili ɗaya ne, harafi kaɗai ya sāke. Sun san bambancin "shahida lahu" da "shahida alaihi", ɗaya shaida ce mai kuɓutar da mutum, ɗaya mai kā da shi. To, malam, ka riƙe "alaihi" ɗin nan da kyau, don ita ce "against" a wurin da mu ke magana yau.

Yanzu sai ma'ana. "Hold" riƙewa ce. "Against" kuwa tana nuna abin da ke fuskantar mutum ta hanyar da ba za ta yi masa daɗi ba. In an gama su, "to hold something against somebody" shi ne ka riƙe wani abu da mutum ya yi, ko wani hali nasa, ka ƙi sakinsa, har ya rage masa daraja a idonka, ko ya sa ka sāke masa fuska. Abin da Bahaushe ke kira riƙo ke nan, ko ƙullata. In an ce, "She still holds it against me," ana nufin har yanzu tana ƙullace da ni a kan abin nan. In an ce, "He never held it against his brother," ana nufin bai taɓa riƙe ɗan'uwansa da abin a zuci ba.

Akwai wani abin sha'awa cikin asalin kalmar "hold". A tsohon Ingilishi "healdan" a ke cewa, ma'anarta kuwa ta haɗa da tsaro da lura da abu. A harshen Gotawa, wani dangin Ingilishi da ya mutu tuntuni, "haldan" kiwon dabbobi ne. Wannan ya taimaka wajen gane maganarmu. Mai riƙo makiyayi ne. Laifin da aka yi masa bara, da ya bar shi da ya rame ya mutu don kansa, amma sai ya riƙa kai shi kiwo safe da yamma, yana ba shi dusa, har ya yi ƙiba. Saboda haka duk inda ka ga "hold against", ka san akwai abu uku a ciki. Akwai abin da ya faru, akwai zamanin da ya shuɗe bayansa, akwai kuma zuciyar da ta ƙi hucewa. Fushin nan take ba shi ne "hold against" ba. Sai fushi ya kwana ya wuni tukuna.

To, kai akawu, ga amsarka. Kwantar da hankalinka, aikinka yana nan. Ka dubi "not" da ke gaban "hold", ita ce ta kwance maka igiya. Shugabanka ya ce ba zai riƙe ka da wannan abu ba, watau ba zai tuna maka da shi ba ran da a ke maganar ƙarin girma, ba kuwa zai sāke yadda ya ke kallonka ba. Amma fa kada ka zarce ka ce an wanke ka. Wankewa dabam, yafewa dabam. Da ya ga ba ka da laifi, da sai ya ce, "It was not your fault." Bai faɗi haka ba. Cewa ya yi kuskuren naka ne, amma an bar shi a nan. Don haka amsar da ta dace gajeriya ce, ka yi godiya, ka ce za ka ƙara lura. Kada ka sāke rubuta doguwar takarda kana kāre kanka, domin wanda aka yafe wa in ya tsaya gardama, shi da kansa ya ke tono abin da aka binne. Kuma ka sani irin wannan alkawari na kuskure ɗaya ne. In lissafin watan gobe ya sāke karkacewa, na farin ma zai taso daga kabari.

Sauran akawuna su lura, a takardun ofis an fi juya maganar a ɓoye mai yi, a ce, "This will not be held against you." Ma'ana ɗaya ce, sai dai a nan ofis ne ke magana ba mutum ɗaya ba. In kuwa ka ga an rubuta, "This may be held against you," to, wannan gargaɗi ne, watau an ajiye abin cikin fayil, wata rana a iya fito da shi. Tsakanin waɗannan jimloli biyu 'yan haruffa ne, amma tsakaninsu akwai abincin iyali.

Yanzu kai malamin makaranta. Kuskuren yaranka ba na wauta ba ne, Hausa ce ta bi su cikin Turanci. Mu in za mu yi maganar riƙo, mutumin mu kan riƙe. Mu ce na riƙe shi a zuci, ko ya ƙullace ni. Bature kuwa a nan ba mutum ya ke riƙewa ba, laifin ya ke riƙewa, sa'an nan ya auna shi ga mutumin. Abin da ya sa kuskuren ya yi muni shi ne "he holds me in his heart" Turanci ne mai kyau, amma ma'anarsa ƙauna ce, watau yana sona ƙwarai, ba ya mantawa da ni. Ka ga yaro ya tashi kai ƙarar maƙiyi, ya ɓuge da yabon masoyi.

Ga tsarin da za ka rubuta musu a allo, kujera huɗu a jere, kowa da mazauninsa. Kujera ta fari ta "hold" ce. Ta biyu ta abin da aka riƙe. Ta uku ta "against". Ta huɗu ta mutumin da aka ƙullata. Misali, "They hold his lateness against him," watau suna riƙe da shi a kan makararsa. Abu a tsakiya, mutum a ƙarshe. In yaro ya musanya su ya ce "they hold him against his lateness", ya yi maganar da ba ta da kai. In ya bar kujera ta biyu wofi ya ce "I do not hold against you", Bature zai tsaya yana jiran sauran magana, kamar wanda aka ce wa "na ba ka" ba a faɗi abin da aka ba shi ba. Ko da kowa ya san abin da a ke nufi, tilas a sa "it" ko "that" ko "anything" a wurin. A ce, "I do not hold it against you," ko kuwa, "I do not hold anything against you."

In abin da aka riƙe dogon labari ne wanda ba zai shiga kujera ɗaya ba, sai a zaunar da "it" ta tsare masa wuri, a kawo labarin daga baya da "that". Misali, "He holds it against me that I did not attend his wedding," watau yana ƙullace da ni don ban je bikinsa ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, ita na ke so yara su fara ƙwarewa a kanta.

Sauran abu biyu ƙanana. Na ɗaya, "hold" ba ta karɓar "ed" in abu ya wuce. "Held" a ke cewa, babu "holded" cikin Turanci. Na biyu, wajen faɗin "against", waɗansu Turawa su kan ce "agenst", waɗansu "ageinst", duka biyu daidai ne. Abin da za a tsare shi ne kada harshenmu ya cusa wasali a ƙarshe ya mai da ita "agenis", ya kuma haɗiye "t".

Wani zai ce, to, ai wannan duk "blame" ce, me ya sa za a wahal da mu da kalma biyu? Ba ɗaya ba ne, kama da wane ba ta wane. "Blame" ganin laifi ne, watau ka nuna wanda ya jawo abu. Aikin hankali ne, kamar na alƙali. "Hold against" kuwa aikin zuciya ne, abin da ya saura bayan an tashi daga shari'a. Shi ya sa mutum ya kan iya gama su cikin numfashi ɗaya ba tare da ya saɓa wa kansa ba, ya ce, "I blame him for the loss, but I do not hold it against him," watau na san shi ya jawo hasarar, amma ban riƙe shi ba. Har wa yau kana iya ɗora laifi a kan abin da ba shi da rai. Manomi ya ce, "I blame the rain," ba wanda zai yi dariya. Amma ba a ƙullatar ruwan sama, sai in wasa a ke yi. Riƙo sai ga mutum, ko ƙungiya, ko wata al'umma.

Babban bambancin kuwa shi ne wannan. "Blame" tana bukatar wani abu ya ɓaci. "Hold against" ba ta bukatar laifi ko kaɗan. Ana riƙe mutum da abin da ba shi ya yi wa kansa ba, kamar shekarunsa, ko garinsu, ko talaucin gidansu, ko abin da ubansa ya aikata tun ba a haife shi ba. In ka ji an ce, "They held his father's debts against him," yaron bai ci bashin kowa ba, amma shi a ke harara. Don haka sau da yawa wannan magana tana ɗauke da ƙanshin rashin adalci. Mai cewa "Do not hold it against her" roƙo ya ke yi, yana cewa a dubi mutum, a bar abin da ya wuce. Ku lura kuma da 'yan rakiyar "blame", kada ku ba ta na wani. Ana cewa "blame him for it", ko "blame it on him". Ba a cewa "blame it against him".

Ita "blame" ɗin baƙuwa ce a Ingila. Daga Faransanci ta shigo, bayan da Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi cikin 1066, harshen Faransa ya zama na fada da na shari'a. Haka "grudge", wadda asalinta gunaguni ne, ita ce cikin "bear a grudge", watau riƙo mai tsanani. "Resent" ma daga Faransanci ta zo daga baya. Amma "hold" da "against" 'yan gida ne tun kaka da kakanni. Shi ya sa "I resent it" ta ke da nauyi da kaifi a kunnen Bature, "I do not hold it against you" kuwa ta ke da taushi irin na maganar cikin gida.

Masu karanta jaridun ƙasashen waje za su riƙa gamuwa da ita cikin labarin shari'a, don haka ya kamata su san inda ta ke zaune a can. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke cikin 1965, a shari'ar Griffin da Jihar Kalifoniya, cewa in wanda a ke tuhuma ya zaɓi ya yi shiru bai ba da shaida ba, lauyan gwamnati ba shi da ikon ya ce shirun nan alamar laifi ce. Cikin 1981 ta ƙara da cewa in wanda a ke tuhuma ya roƙa, wajibi ne alƙali ya gargaɗi juri, watau mutanen gari da a ke zaɓa su saurari shari'a, kada su auna shirunsa cikin hukunci. Irin maganar da za ka gani a nan ita ce, "His silence cannot be held against him." A Ingila da Wales kuwa wata doka ta 1994 ta buɗe ƙofa, ta yarda a waɗansu halaye kotu ta yi la'akari da shirun mutum, musamman in ya ɓoye wa 'yan sanda wata magana sa'an nan ya fito da ita gaban alƙali. Ka ga shiru ɗaya ne, amma a wata ƙasa ba a riƙe mutum da shi, a wata ana iyawa.

A Ingila ɗin dai akwai dokar 1974 wadda ta ce laifuffuka da yawa, in mutum ya gama horonsa, aka kuma sami waɗansu shekaru bai sāke ba, sun zama kamar an shafe su. A yawancin ayyuka ba tilas ya ambace su ba, ba a kuwa hana shi aiki saboda su, sai a ayyukan da aka keɓe, kamar na lura da yara. A irin waɗannan wurare "hold against" ba ta nufin ɓacin zuciya. Tana nufin a lissafa abu cikin abin da zai kā da mutum. "Alaihi" ɗin malamai ke nan sosai.

Sai kuma masu kama da ita, waɗanda su kan ruɗe mai koyo. Da fari, "hold" da "against" su kan haɗu a ma'anarsu ta fili, ba riƙo ba ƙullata. "Hold the cloth against the wound" danna ƙyalle ne a kan rauni. "They held the town against the enemy" tsare gari ne, aka hana abokan gāba shiga. Alamar da za ka bi ita ce, in abin da ke tsakiya abu ne da hannu ke taɓawa, ma'anar fili ce. In kuwa aiki ne ko hali ko magana, riƙo ne.

"Have against" ƙanwarta ce. "What do you have against me?" shi ne me na tsare maka? Ita ba ta bukatar wani abu ya taɓa faruwa, ƙi ne kawai ko rashin yarda. "Count against" kuwa ba mutum ke yinta ba, abin ne da kansa. "His age counted against him," watau shekarunsa suka zame masa cikas, ba a ce kowa ya ƙullace shi ba. "Pin on" laƙa wa mutum laifi ne, sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba. "They pinned the theft on the messenger," watau suka laƙa wa masinja satar. "Get back at" ramuwa ce, ita ce inda riƙo ya kan kai mai shi in ya daɗe. "Take it out on" kuwa ita ce haushin kaza huce kan dami. Shugaba ya yi maka faɗa a ofis, ka komo gida ka hau yara da tsawa, to, "you took it out on the children". Bambancinta da tamu a fili ya ke. Mai "hold against" ya san wanda ya ɓata masa, yana kuwa iya yin shiru shekara goma. Mai "take it out on" ba ya shiru, kuma a kan marar laifi ya ke saukewa.

In kuna son misali na gaske wanda za ku ba yara, ga Nelson Mandela na Afirka ta Kudu. Ya yi shekara 27 a kurkuku, aka sake shi cikin 1990, ya zama shugaban ƙasa cikin 1994. Cikin 1995 ya gayyaci Percy Yutar, lauyan gwamnatin da ya tsaya a kansa a shari'ar da ta kai shi ɗaurin rai da rai cikin 1964, suka ci abinci tare. Mandela bai taɓa cewa mulkin wariyar launin fata ba zalunci ba ne. Ya san masu laifi, ya kuwa faɗa. Amma bai mai da abin ƙulli a kan mutumin ba. Yaro in ya iya rubuta wannan labari da "blame" a wurinta, da "hold against" a wurinta, ya gama darasin yau.

Ku sani kuma Turawa su kan yi wasa da ita, kamar yadda Bakano da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare, su ke yi wa juna ba'a. Ka gaya wa Bature ƙungiyar ƙwallon da ka ke goyon baya, in ba tasa ba ce, sai ya yi murmushi ya ce, "I won't hold it against you." Kada ka tsaya ba da haƙuri, ba ka yi kome ba. Wasa ne, dariya a ke so ka mayar.

Gargaɗina na ƙarshe ga masu rubuta wasiƙa. Wannan magana ta fi kyau a bakin wanda aka ɓata wa, ko a bakin mai roƙo. Kana iya rubuta wa na gaba da kai, "I hope you will not hold it against me," watau ina fata ba za ka riƙe ni da wannan ba, ladabi ne mai kyau. Amma kada ƙaramin ma'aikaci ya rubuta wa shugabansa "I shall not hold it against you" a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin mai faɗin haka ya ɗora kansa a kujerar mai yafewa, ya kuma tabbatar wa ɗayan cewa ya yi laifi. Haka kuma kada malami ya rubuta "I hold nothing against him" cikin takardar shaidar yaro yana tsammani yabo ya yi. Mai karatu zai ce, to, me ya faru tsakaninsu har a ke maganar riƙo? Magana zarar bunu ce, ta alkalami kuwa ta fi wuyar mayarwa.

Ga aikin mako. Ku juya waɗannan zuwa Turanci, ku aiko mini, in buga amsar da ta fi kyau.

1. Na manta ban gaishe shi ba, amma bai riƙe ni ba.
2. Har yanzu kana ƙullace da ni a kan maganar bara?
3. Kada ku riƙe yaron nan da laifin wansa.
4. Na san direba ne ya jawo haɗarin, amma ban ƙullace shi ba.
5. Ta ji haushin mai gidan haya, ta huce a kan 'yarta.

Ku yi hankali da ta biyar, akwai rami a cikinta. Mako mai zuwa, in muna da rai, za mu ɗauki "make up" da "make up for", watau shiri bayan faɗa da biyan abin da aka ɓata. Ku huta lafiya. Wassalam.